Lambun Taɓawa da Sansana: Tambayoyi da Amsoshi kan Shuka da Ƙananan Yara

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye, masu reno da malaman makarantun ƙananan yara suka fi maimaitawa idan sun tashi yin lambu da yara 'yan ƙasa da shekara shida. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu ɗan zurfi.

Mene ne lambun taɓawa da sansana, kuma me ya raba shi da lambun da muka sani?

Lambun da muka saba da shi, ko dai don ido aka yi shi ko don tukunya. Da yaro ya leƙa sai ka ji "kar ka taɓa", "kar ka taka", "sauke hannunka". Wannan kuwa an shirya shi ne domin yaro ya taɓa, ya murza ganye ya kai hanci, ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya kasa kunne, ya tsinki abin da ake ci ya ɗanɗana. Duk abin da aka sa a ciki, akwai saƙon da yake kai wa ido, kunne, hanci, harshe ko fata. Masu nazarin girman yara suna ƙara biyu a kan waɗannan biyar: ma'aunin da ke can cikin kunne mai hana mutum tangaɗi, da kuma jin da tsoka da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa game da nauyin abin da aka ɗauka. Yaron da ke tafiya kan gungume ya ware hannuwa, ko wanda ke rinjayar buta cike da ruwa, su yake horarwa.

Tunanin ba na yau ba ne. A 1840 Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara a Jamus sunan Kindergarten, ma'ana lambun yara, kuma a tsarinsa kowane yaro yana da ɗan fangalinsa. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ita ma a kan hannu da taɓawa ta gina koyarwarta.

Daga shekara nawa yaro zai iya sa hannu?

Da ya iya zama da kansa yana da rabonsa, sai dai rabon kowa daban. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu aikinsa ya cika gwangwani da ƙasa ya juye, ya sake cikawa ya sake juyewa. Kada ku raina wannan, hannu yake koya. A shekarun nan komai baki yake nufa, don haka ƙwayar iri ba ta hannunsa ba ce: wake ɗaya ya isa ya shaƙe shi, ko ya cusa shi a hanci. Daga uku zuwa huɗu zai huda rami da yatsa, ya jefa babban iri, ya rufe, ya ba da ruwa. Ɗan biyar ko shida yana iya riƙe tukunya tasa ta kansa, ya bambance ciyawa da shuka, ya auna tsawon kara da zare.

Minti goma zuwa sha biyar sun ishi ƙarami. Idan ya bar ku da shebur a hannu ya bi malam-buɗe-littafi, ku ƙyale shi, har yanzu a lambun yake.

Ba mu da fili, sai baranda ko ɗan lungu. Zai yiwu?

Zai yiwu, ni ma na fi so a fara da kaɗan ko da filin yana nan. Bokiti uku ko huɗu, tsohon baho, buhu, akwatin katako, duk sun isa. Sharaɗi biyu ne: a huda gindin mazubi domin ruwa ya fita, kuma a san abin da ya taɓa ɗauka. Wanda ya sha fenti, man inji ko maganin ƙwari, wanki ba ya raba shi da su. Latas da alayyafo suna yi a zurfin santimita 15, wake 20, karas 25 zuwa 30, tumatir kuwa a ba shi bokiti mai cin lita 20 shi kaɗai. Idan a ƙasa za a yi, kada faɗin fangali ya wuce santimita 60, domin gajeren hannu ya kai ƙarshensa ba sai an taka shuka ba.

Masu 'ya'ya irin su tumatir, kubewa, wake da kabewa suna son rana awa 6 zuwa 8. Masu ganye sukan yi haƙuri da awa 4. Inda rana ke da zafi sosai, a nemi wurin da yake samun hantsi, inuwa ta rufe shi bayan tsakar rana. Kafin ku ajiye ko da tukunya ɗaya, ku ɗauki yini guda kuna lura da inda inuwa ke faɗuwa.

Wace irin ƙasa za mu zuba, kuma ba za ta cutar da yaro ba?

Ku jiƙa ta ku dunƙula a tafin hannu. Idan ta watse nan take, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. Idan ta dunƙule tana manne wa yatsu, laka ta yi yawa, saiwa za ta rasa iska. Wadda ake so ita ce mai dunƙulewa amma ta farfashe da an latsa ta. Maganin duka biyun ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya a kan kashi biyu na ƙasa. Ku bar yara su yi wannan gwaji da kansu, ba sa gajiya da shi.

Sai batun lafiya. Ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ƙa'idar noman da ba na sinadari ba a Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. A lambun yara, wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari kawai za a sa. Kashin kyanwa da na kare ba taki ba ne ko kaɗan, kuma idan akwai wurin yashi a rufe shi da dare, don kyanwa ba ta ganin yashi ta wuce. Ƙasar bakin babbar hanya, ta gindin tsohon bango mai fenti, ko ta wurin da aka taɓa fasa batura tana iya ƙunsar dalma, wadda ba ta ruɓewa kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. A irin wannan wuri a yi shuka a mazubi da ƙasar da aka ɗebo daga wani wuri. A tsince gilashi da ƙusa, a tabbatar yaro ya cika allurar rigakafin tetanus, domin ƙwayar cutar cikin ƙasa take zaune.

Da waɗanne kayan lambu ya kamata mu fara?

Wanda irinsa ke da girma har ƙananan yatsu su kama, mai saurin tsira, marar yawan fushi. Wake ne kan gaba: cikin mako guda ya fasa ƙasa ya fito da ɓawonsa a ka kamar hula, wasu ire-irensa kuma kan ba da ɗanyen kwanso cikin kwana 50 zuwa 60. Radish, ƙaramar jar saiwar nan, takan tsira cikin kwana 3 zuwa 5, a cire ta bayan wata guda, sai dai tana da yaji-yaji, yara sun fi son cirarta da cinta. Gindin albasa da aka yanke za a zubar, in an dasa shi, cikin 'yan kwanaki zai toho. Alayyafo da latas irinsu ƙanana ne, a gauraya da busasshen yashi kafin a ba yaro ya yayyafa, in ba haka ba duk a wuri ɗaya zai juye. Latas ba ya son zafi, yakan yi ɗaci ya miƙe ya yi fure.

Tumatir gara a samo dashe, musamman mai ƙananan 'ya'ya, yakan fara nuna bayan kimanin wata biyu. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar a yanka 'ya'yan gida huɗu kafin su ci. Kabewa tana cin wuri da lokaci, wata uku zuwa huɗu. Karas kuwa mai gwada haƙuri ne: mako biyu zuwa uku kafin ya leƙo, kwana 70 zuwa 80 kafin ya ƙosa, kuma ba ya son dashe. Duk da haka ban taɓa cire shi daga lissafi ba, saboda babu abin da ya kai ranar da yaro ya kama ganye da hannu biyu, ya ja, ya faɗi zaune da karas a hannu yana kallonsa baki buɗe.

Zurfin rami ninki biyu zuwa uku ne na kaurin ƙwayar. Idan kun ga iri da launin ruwan hoda, shuɗi ko kore mai ƙyalli, an shafa masa magani ne. Wannan babba ne zai shuka shi. Barkono mai zafi a bar shi sai sun girma, don hannun da ya taɓa shi ido zai koma.

Me za mu sa domin kowace gaɓa ta samu rabonta?

Hanci ya fi sauƙin gamsarwa. Na'ana'a, ɗoɗɗoya, ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, har ganyen tumatir yana da warinsa na daban. A koya wa yaro ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu sannan ya sansana yatsun, maimakon ya tumɓuke tsiron. Na'ana'a a tukunyarta ita kaɗai, domin ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗo, in ta samu sake sai ta cinye fangali. Ciyawar shayi kuma gefen ganyenta yana yanka, a ajiye ta a baya.

Ga fata, abin nema shi ne bambanci: ganyen kabewa mai kaushi kusa da na latas mai santsi, gemun masara mai laushi, busasshen soso, ɓawon itace. Abin da na fi ganin amfaninsa, kuma ba ya buƙatar ban ruwa, shi ne 'yar hanyar tafiya ba takalmi: taku biyu na yashi, biyu na tsakuwa mai santsi, biyu na busasshen ganye, biyu na ciyawa, a ƙare da taɓo da bahon wanke ƙafa. A taɓa tsakuwar da bayan hannu tukuna idan rana ta yi, tana ƙona tafin ƙafa.

Kunne shi aka fi mantawa. Masara ko doguwar ciyawa idan iska ta kaɗa, busasshen duma mai 'ya'ya a ciki da ake girgizawa, kwanson kubewa da aka bari ya bushe a kara, tsofaffin cokula da aka rataya suna bugun juna. Wani lokaci a ce kowa ya rufe ido ya ƙirga sauti nawa ya ji. Ido kuwa a ba shi launi mai ƙarfi da abin da ke motsi. Furen rana yana yin duka biyun: tun yana ƙarami kansa yana bin rana daga gabas zuwa yamma, idan ya buɗe ya manyanta sai ya tsaya yana fuskantar gabas. Harshe yana da dokarsa, tana cikin amsa ta gaba.

Waɗanne tsire-tsire ne bai kamata su kusanci lambun yara ba?

Zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, 'ya'yanta masu zane suna da guba mai kisa. Haka idon zakara, jar ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da ke ɗaukar idon yara. Zaƙami dukansa guba ne, 'ya'yan bini-da-zugu ma haka. Tumfafiya da tinya farin ruwansu yana ƙona fata da ido. Oliyanda, furen ado mai ruwan hoda da ake yawan dasawa a bakin hanya, gubarsa tana cutar da zuciya. Ko a cikin abin da ake ci akwai wurin taka tsantsan: ba a cin ganyen tumatir da na dankalin turawa, ko dankalin turawan da ya yi kore, ko busasshen wake ɗanye. Tsiron da ba ku san sunansa ba, ku cire shi.

A kafa doka ɗaya tun ranar farko, a yi ta maimaitawa har ta zama waƙa: ba a kai komai baki sai an nuna wa babba. Yana da kyau tsire-tsiren da ake ci su zauna a gefe ɗaya, a ɗaura musu ƙyalle mai launi. Idan har yaro ya haɗiye abin da ake zargi, a cire ragowar daga bakinsa, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan take tare da reshen tsiron.

Yaya za mu yi da ruwa? Yarana in sun kama buta ba sa saki.

Shukar yara ta fi mutuwa da ƙoshi fiye da ƙishi. A koya musu gwajin yatsa: a nutsa shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in ya fito da danshi a bari sai gobe. A ba su ƙaramin mazubi, kamar gorar roba da aka huda murfinta, sai hannu ya gaji kafin tukunya ta cika. A gindi ake zubawa, da safe ko da yamma. Mai son wasan ruwa kuma a ware masa lungun taɓo, ya yi ta yi.

Kada a bar bokiti, baho ko randa a buɗe da ruwa. Ɗan tatata kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya kifa ba ya iya fitowa, ruwa kaɗan, ƙasa da tsawon yatsa, ya isa ya halaka shi, kuma ba a jin kuka. Ga sauro: a ruwan da ya kwanta, mako guda zuwa kwana goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo. An gama aiki, a juye, a kife.

Yarinyata tana tone irin ta ga ko ya tsira, tana tsinke tumatir tun yana ɗanye. In hana ta?

Na taɓa kallon wata 'yar shekara uku kwana huɗu a jere. Kullum da safe sai ta tsuguna, ta sa yatsa ta zaƙulo wakenta, ta hure masa ƙasa, ta juya shi, ta mayar ta danna da tafin hannu. Rana ta huɗu ta tarar ya kumbura ya fitar da farin wutsiya, ta ruga da shi a hannu tana nuna wa kowa. Waken bai rayu ba. Amma ita kaɗai a cikin sa'o'inta ta san saiwa ce ke fara fitowa kafin ganye.

Don haka kada ku hana, ku shirya. Ku shuka ninki uku na abin da kuke so ya rayu. Ku ware tukunya ɗaya ta tono, ɗaya ta jira. Ku sa wake a jikin kwalba mai haske tsakanin bango da jiƙaƙƙiyar auduga, ta ga komai ba sai ta tona ba. Gani ya kori ji. Tumatir kuwa a rataya jan murfin kwalba a karan, a ce sai ya yi kama da wannan. Kuma ku riƙe hannunku. Layin da ya karkace ba ya hana tsira, amma yaron da ya ga an bi bayansa an gyara komai ya san lambun ba nasa ba ne.

Ƙwari sun fara cin ganye. Za mu iya fesa magani?

A lambun da yara ke murza ganye suna kai hannu baki, a'a. Tsutsa a tsince ta da hannu, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, a wanke ta da ruwa mai ƙarfi, ƙananan shuka a rufe su da tsohon gidan sauro, a ɗage shi idan fure ya fito don ƙudan zuma su samu shiga. Ganye mai 'yan huji ba asara ba ne. A nuna wa yara na kirki: tana mai sassauta ƙasa, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo da ke cin darɓa. Inda ake da kunama ko maciji, babba ne ke ɗaga dutse da tukunya, kuma ba a tara itace ko shara kusa.

Idan ya ci ƙasa fa?

Loma ɗaya daga ƙasa mai tsabta, irin wadda aka bayyana a amsar ƙasa, ba abin tashin hankali ba ce. A wanke baki a ba shi ruwa. Wanke hannu da sabulu bayan aiki da kafin cin abinci, yanke farce, rufe rauni, wanke duk abin da aka tsinko. Amma yaron da ya wuce shekara biyu yana neman ƙasa yana ci da gangan kullum, a kai shi a duba jininsa, don hakan yakan zo tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe.

Da gaske ne yaron da ya shuka da hannunsa yakan fara cin ganye?

Yakan taimaka, amma ba sihiri ba ne. Ƙin sabon abinci ɗabi'a ce da ke ƙarfi tsakanin shekara biyu zuwa shida, kuma sau da yawa sai an gabatar da abu sau takwas zuwa sha biyar kafin yaro ya karɓa. Lambu yana rage baƙunta: abin da ya shuka, ya shayar, ya wanke, ba baƙo ba ne a faranti. Ku ci a gabansa, ku bar shi ya lasa ya tofar in ya so. Ranar da kuka ce "kai ka shuka, dole ka cinye", kun mayar da lambun horo.

Yarona ba ya son taɓa ƙasa ko kaɗan. Akwai kuma mai larurar gani da mai keken guragu a ajinmu.

Wasu yara, ciki har da da yawa daga masu larurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane, taɓo ko ƙamshi mai ƙarfi yana damunsu da gaske, ba shagwaɓa ba ce. A fara da cokali ko safar hannu, da busasshen abu kafin jiƙaƙƙe, tawul na kusa. Kada a kama hannunsa a tura. A raba masu ƙamshi, kada su taru a lungu ɗaya, a kuma tanadi wurin inuwa marar hayaniya da zai koma in abin ya yi masa yawa.

Ga mai larurar gani, kada a riƙa sauya wa tukwane wuri. Igiya a gefen hanya da ƙararrawa a mashiga suna nuna masa inda yake. Ga mai keke, hanya mai tauri da faɗinta ya kai mita 1.2, da mazubi a kan tebur yadda gwiwa za ta shiga ƙarƙashi.

Kabewarmu tana ta fure amma ba ɗa ko ɗaya. Me ya faru?

Kabewa fure iri biyu take yi a jiki ɗaya. Namiji yana kan siririn kara, shi ke fara fitowa, ya buɗe ya faɗi, wannan ba cuta ba ce. Macen tana da 'yar ƙwallo a ƙarƙashinta, ita ce za ta zama kabewa idan ƙudan zuma ya kai mata garin namiji. In ƙwallon tana yin rawaya tana faɗuwa, garin bai isa ba, abin da ke yawan faruwa a baranda ko bene. Da sassafe, lokacin da furen ke buɗe, a tsinko namiji, a cire ganyen furen, a ba yaro ya goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. A ɗaura zare a wurin, a dawo bayan kwana uku a ga ko ƙwallon ta ƙara girma.

Masara ma tana da irin nata. Iska ce ke ɗauko garin daga kanta zuwa gemu, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Shi ya sa wadda aka jera a layi ɗaya takan fito da giɓi. A shuka ta a dunƙule, huɗu-huɗu a layi huɗu, idan ta yi huda a bar yara su riƙa girgiza karan da safe.